Wa Za Ka Yarda da Shi a Ƙarƙashin Bishiya Mai Raɗa? Jagora ga Masu Buga The Witcher 3

A yankin Velen, cikin wasan The Witcher 3: Wild Hunt, akwai wani kogo a ƙarƙashin tsohuwar bishiya. In ka shiga za ka tarar da ƙatuwar zuciya manne da saiwoyi tana bugawa, murya na fitowa daga cikinta. Muryar za ta ce maka marayun da ka baro a fadama suna bakin halaka, ita kaɗai ke iya ceto su, don haka ka sake ta. Kai kuwa kashe ta aka aiko ka ka yi. Waɗanda suka aiko ka ɗin su ne mayu ukun da take zargi, kuma a hannunsu labarin Ciri yake, yarinyar da Geralt, jarumin da kake buga wasan da shi, ya raina kamar 'yar cikinsa, wadda yake ta bin sawunta.

Ranar da na fara isa wurin sai da na ajiye hannun wasan na yi shiru. Kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Poland ya saki wasan ne ranar 19 ga Mayu, 2015, har yau kuwa masu buga shi ba su gama gardama a kan wannan bishiya ba. Babu ma'aunin da zai nuna maka ka yi alheri ko mugunta, sakamako ma ba ya zuwa sai bayan ka daɗe da barin wurin. Ga hanyar da na koya daga baya, mataki-mataki. Zan fallasa yadda labarin ya ƙare, kuma wasa ne na manya, akwai abubuwa masu tayar da hankali a cikinsa.

Mataki na farko: kada ka isa bishiyar da wuri

Yawancin masu yin zaɓin da suke nadama a kansa sauri ne ya ja musu. Aike uku ne suke saƙe da juna a nan: Family Matters, labarin Phillip Strenger da ake kira Bloody Baron, wanda matarsa Anna da 'yarsa Tamara suka ɓace, Ladies of the Wood, labarin mayun fadamar Crookback, sai The Whispering Hillock, wato bishiyar. Wasan zai bar ka ka bi su yadda ka ga dama.

Shawarata, ka bi labarin Baron tukuna har ka kai gidan masuncin da ya taimaki Anna da Tamara suka gudu. Shi zai gaya maka cewa a daren gudun wasu alamu sun bayyana a tafin hannun Anna kamar an ɗora mata ƙarfe mai zafi, sannan wata dabba ta fito daga daji ta ɗauke ta. Riƙe wannan a ranka. Idan ka isa fadama ka ga tsohuwar da ke kula da marayu, wadda yaran ke kira kaka, ka dubi hannunta. Wanda ya lura da wannan zai shiga kogon yana sane da cewa akwai ran mutum guda da ke rataye a kan zaɓinsa, wanda babu ko ɗaya daga cikin masu roƙonsa da zai ambata masa.

Kafin ka shiga kogon, ka adana wasan da hannunka a gurbi dabam. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Mataki na biyu: ƙure tambayoyi kafin ka ba da amsa

A allon zance, layukan da ke da launin rawaya su ne ke tura labari gaba, farare kuwa tambayoyi ne na gefe. Ka gama da farare kakaf kafin ka taɓa rawaya. A wasu wuraren wasan yakan sa maka ƙidayar lokaci, shi ya sa ya kamata ka riga ka tara bayaninka tun kafin a matsa maka.

Mataki na uku: tambayi kanka me mai maganar zai samu

Nan ne aikin yake. Duk wanda ya ba ka labari a Velen yana da abin da yake nema a wurinka, kuma ruwa ba ya tsami banza. Ka bi su ɗaya-ɗaya.

Mayun uku, Brewess da Weavess da Whispess, za su fara yi maka magana ne ta bakin kaka, idan ta dafa wani saƙaƙƙen zane da ke nuna su a matsayin kyawawan 'yan mata. Buƙatarsu a fili take: wani abu ya addabi ƙauyen Downwarren, ka kawar da shi, su kuma su gaya maka abin da suka sani game da Ciri. Ka lura, masu ƙarfin da duk Velen ke tsoro sun rasa yadda za su yi da bishiya guda sai sun nemo baƙo. Abin da ke cikin bishiyar nan ya tsaya musu a wuya ke nan, kuma damuwarsu da shi ta wuce tausayin ƙauye.

Mai garin Downwarren zai ce maka mutanensa suna mutuwa a kan tudun. Bai yi ƙarya ba. Sai dai bawan mayun ne, a ƙarƙashin inuwarsu garinsa ke ci yana sha a lokacin da yaƙi tsakanin Nilfgaard da daulolin arewa ya mai da Velen kufai. Ba zai taɓa faɗin laifinsu a gabanka ba, domin ya yarda suna jin duk abin da ake faɗa.

Kurwar bishiyar kuma so take ta fita. Ta daɗe a ɗaure, kuma duk wanda ke ɗaure ya san kalmar da za ta tausasa zuciyar mai riƙe da mabuɗi. Za ta ce maka ita mace ce mai kula da daji a da, mayun suka kashe ta suka ɗaure kurwarta. Sai ta kawo zancen yara. Da ta ce ka sake ta don a yi mata adalci, da ba ka tsaya ba. Yaran da ka yi wasan ɓuya da su ɗazu, su ta ɗora a kan faifai.

Akwai mutum ɗaya da nake ba maganarsa nauyi fiye da sauran, wato Johnny, ɗan ƙaramin halittan nan mai kama da yaro da ka samo wa muryarsa daga sheƙar tsuntsaye a kan dutse. Ka riga ka biya masa buƙatarsa, ba ya neman komai a wurinka kuma. Shaidar wanda ba ya da riba a shari'a ta fi ta mai ƙara da wanda ake ƙara, don haka ka saurari duk abin da zai ce game da mayun da kuma kaka.

Mataki na huɗu: bar baki, dubi ƙasa

Gani ya kori ji. Geralt yana da baiwar gano sawu da wari da jini, ka kunna ta a duk inda aka ba ka labari, ka gwada labarin da abin da ke ƙasa.

Hanyar da ta kai ka gidan marayu an rataya mata kayan zaƙi don jan yara. Ka matsa kusa ka duba da kyau, za ka ga kunnuwan mutane a rataye tare da su. Iyaye a ƙauyukan da yunwa ta ci ƙarfinsu ne ke tura 'ya'yansu su bi wannan hanya. Ka tambayi kanka, yara nawa suka bi ta tsawon shekaru, me ya sa biyar kawai ka tarar, ina manyansu suka tafi? Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa abin da kurwar ta faɗa game da yaran yana da tushe.

Yanzu hau tudun. Gawarwakin mutanen ƙauye na nan a warwatse. Wani mutum mai rikiɗa kyarkeci yana gadin bakin kogon, yana kora ka da baki kafin ya far maka. Idan ka tambayi kurwar dalilin kisan, za ta ɗora laifin a kan waɗanda suka zo mata da mugun nufi, ba za ka ji nadama a muryarta ba. To abin da mai gari ya faɗa shi ma yana da tushe.

Sai littattafai. Keira Metz, matsafiyar da ta nuna maka hanyar fadamar, za ta ba ka wani littafi da ke yabon mayun a matsayin masu kare talakawa. Akwai kuma wani a cikin wasan mai suna She Who Knows, wanda ya ce asali mace ɗaya ce ke mulkin Velen, ita ta halicci 'ya'ya mata uku, daga baya ta haukace ta shiga zubar da jini, 'ya'yan suka kashe ta suka binne a fadama, kurwarta ta maƙale a bishiya. In haka ne, uwar mayun ce kake shirin saki. Amma ka tuna, a ƙasar da mayun ke mulki aka rubuta wannan tarihi, kuma su ya wanke. Ka ɗauke shi a matsayin shaida guda, ka ajiye kusa da sauran.

Mataki na biyar: raba gaskiyar magana da halin mai ita

Wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya tafi da shi. Tambaya biyu ce muke cakuɗawa. Ta farko, abin da ya faɗa gaskiya ne? Ta biyu, in na ba shi abin da yake so, me zai yi da shi? Kurwar ta faɗi gaskiya game da mayun domin mugu shi ya san makwantar mugu. Mayun ma sun faɗi gaskiya game da kurwar, saboda wannan dalili dai. Kowannensu amintaccen mai shaida ne a kan abokin gabansa, kuma maƙaryaci ne a kan kansa.

Amsar tambaya ta biyu tana cikin tarihin mutum, musamman yadda ya cika alkawarin da ya yi wa wani kafin kai. Anna ta je wurin mayun ne tana ɗauke da cikin Baron, mijin da ke shan giya yana dukanta, ta roƙe su su raba ta da cikin, ta yi alkawarin yi musu bauta shekara guda. Sun cika. Amma tsafin da suka yi ya riƙa tsotse ƙarfinta har ta nemi laya wurin boka, cikin ya zube, sannan suka aiko aka ɗauko ta. Haka cika alkawarinsu yake: za ka sami abin da ka roƙa daidai, abin da ba ka yi tunanin roƙa ba kuwa su kwashe. Kurwar ma jininsu ɗaya. Ta ce za ta ceci yara, ba ta ce uffan game da ƙauye ba. Ka saurari abin da aka tsallake kamar yadda kake sauraron abin da aka faɗa.

In kana son ka gwada wannan mataki a wani wuri kafin bishiyar, je tsibirin Fyke, aiken A Towerful of Mice. Keira za ta ba ka fitila mai nuna fatalwa. A saman hasumiya za ka haɗu da Anabelle, 'yar mai mulkin yankin, wadda ta sha wani magani lokacin da talakawa suka far wa gidan, jikinta ya sandare, ɓeraye suka ci ta da ranta. Duk wannan ya faru. Za ta roƙe ka ka kai ƙasusuwanta wurin masoyinta Graham ya binne. In ka yarda, za ta kashe shi ta fita duniya a matsayin fatalwar annoba. In ka matsa mata da tambayoyi a kan sababbin gawarwakin da ke hasumiyar, za ta nuna ainihin kamanninta, ka je ka kawo Graham wurinta. Zai mutu a nan ma, amma la'anar za ta karye. Labarinta gaskiya ne, buƙatarta tarko.

Ita kanta Keira darasi ce ta ɗaya ɓangaren. Ta yi amfani da kai, ta sa maka barci, ta koma tsibirin ta kwashi takardun binciken annoba na masihirci Alexander don ta yi ciniki da Sarki Radovid. Ta yaudare ka ƙarara. Amma tsoro da ƙuncin zaman ƙauye ne suka tura ta. In ka yi fushi ka zare takobi, za ka kashe ta. In ka bar ta ta tafi wurin Radovid, za ka tarar da gawarta a birnin Novigrad. In ka lallashe ta ta tafi Kaer Morhen, sansanin su Geralt, za ta tsaya tare da ku ranar da aka kawo wa wurin hari, har ta ceci ran Lambert, abokin aikin Geralt. Wadda ta yi maka ƙarya ta zama abar dogaro, saboda abin da take nema bai saɓa da naka ba.

Mataki na shida: ƙirga waɗanda ba sa cikin kogon

Kafin ka danna, lissafa duk wanda zaɓin zai taɓa alhali ba ya nan ya yi magana. Marayu biyar. Kaka, wato Anna, wadda aka damƙa mata amanar su, kuma ita za a tuhuma in sun ɓace. Baron da Tamara. Mutanen Downwarren, waɗanda suka daɗe suna hawa tudun da niyyar halaka bishiyar, su ma kuma suna da nasu 'ya'yan. Ga abin da ke faruwa da kowa.

Idan ka kashe kurwar, Downwarren ta tsira. Mai gari zai karɓi wuƙar da mayun suka ba ka, ya yanke kunnensa a gabanka ya miƙa maka a matsayin ladansu. Ka koma fadama, babu yara. Mayun sun tafi da su, kuma wasan bai bar maka shakka a kan abin da suka yi da su ba. Daga baya, a aiken Return to Crookback Bog, za ku tarar da Anna da ranta amma hankalinta ya gushe. Baron zai ɗauke ta zuwa wasu duwatsu masu nisa neman mai magani, da alkawarin barin giya.

Idan ka sake ta, kurwar za ta shiga jikin baƙar goɗiya ta sukwane, ta kwashe yaran kamar yadda ta ce. Sannan ta bi ta kan Downwarren ta ɗauki fansa, garin ya zama maƙabarta. Mayun za su huce a kan Anna, su mai da ita dodanniyar ruwa. A ɗakin ƙasa na gidansu akwai 'yan tsana, in ka zaɓi mai furen shunayya za ta dawo mutum, ta yi sallama da mijinta da 'yarta cikin hankalinta, sannan ta cika. In ka zaɓi wata, wuta za ta cinye ta nan take. Ko wanne ne, za ka koma Crow's Perch, mazaunin Baron, ka tarar ya rataye kansa. Yaran kuwa suna Novigrad, a makarantar wata malama mai suna Marabella.

Gaba kura, baya sayaki. A duka biyun Baron yana barin kujerarsa, sajensa ya gaje ta, talakawan yankin su shiga uku.

Mataki na bakwai: aiwatar da abin da ka zaɓa

Mai rikiɗar da ke bakin kogo raunukansa na warkewa da sauri, don haka kada ka ja faɗan. Shafa wa takobin azurfa man da ake yi don la'anannu, ka jefa masa bam ɗin Moon Dust in kana da shi, ka riƙa kare kanka da Quen, sihirin garkuwa na Geralt.

In kisa ka zaɓa, zuciyar za ta kira wasu manyan ƙwari masu dafi da ake kira endrega. Ka gama da su, ka sari zuciyar, su sake fitowa, haka har ta mutu. In saki ne, abu uku za ka kawo: gashin hankaka daga wajen sheƙar da ka samo muryar Johnny, ƙasusuwan kurwar daga kabarinta a fadama, da baƙar goɗiya daga garken dawakin jeji da ke kusa, wadda za ka kwantar wa da hankali da sihirin Axii kafin ka hau. Akwai kuma hanya ta tsakiya: ka amsa mata, ka tara kayan, a tsakiyar tsafin ka juya ka kashe ta ba tare da faɗa ba. Sakamakonsa ɗaya da kisa. Ni ba na son wannan hanya, domin kai ne ka zama mai yaudarar.

Mataki na takwas: kada ka yi saurin komawa baya

Na ce ka adana wasan, amma ina roƙonka kada ka buɗe wancan gurbi da zarar ranka ya ɓaci. Ka bi zaɓinka har ƙarshen Return to Crookback Bog, ka karanta abin da aka rubuta game da Anna da Baron da marayun a kundin mutanen wasan. In za ka auna kanka, ka auna da abin da ka sani lokacin da kake tsaye a kogon. Ka yi tambayoyin? Ka duba ƙasa? Ka ƙirga waɗanda ba sa nan?

A bugun farko ni kashe ta na yi. Ban bi labarin masunci ba, ban dubi abin da ke rataye a hanya ba, hankalina na kan Ciri kawai. Na ji murya daga cikin zuciya mai bugawa na ce wannan ai mugun abu ne, na zare takobi. Da na dawo fadama na shiga bukkokin ɗaya bayan ɗaya ina neman yaran da na yi wasan ɓuya da su, shiru. Abin ya daɗe yana ci mini rai, domin kurwar ta gaya mini, ni ne ban bincika ba.

Yanzu sakinta nake yi, kuma har yau ban yarda da ita ba. Dalilina shi ne, a cikin duk waɗanda ke kan ma'auni, marayun nan ne kaɗai ba su ƙulla ciniki da kowa ba. Anna ta je wurin mayun da ƙafarta, ko da yake azaba ce ta kai ta. Baron shi ya shuka abin da ya kore ta. Manyan Downwarren sun san inda hanyar kayan zaƙi take ƙarewa. Na san wannan hujja tana da rami, don a ƙauyen ma akwai yaran da ba su ci ba su sha ba, kuma na saki wani abu cikin duniya da ban san iyakar ƙarfinsa ba. Wanda ya kashe kurwar saboda wannan dalili, bayan ya bi duk matakan nan, ba ni da abin da zan ce masa.

Abin da nake yi dai, bayan na sake ta, nakan bi ta Downwarren da ƙafa, ba a kan doki ba, in ga abin da ya rage na garin. Sannan in na isa Novigrad in nemi makarantar Marabella, in tsaya bakin ƙofa in ƙirga su.